Shirun Lucy Snowe

 A wannan makon za mu ɗan ajiye zancen rigakafin yara da abincin mai jego, mu leƙa wani tsohon littafin Turanci da aka buga tun 1853, zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Sunansa Villette, wadda ta rubuta shi kuma Charlotte Brontë ce, mai littafin Jane Eyre da wasunku suka karanta a sakandare. Ina gargaɗi tun yanzu: zan faɗi ƙarshen labarin. Wadda take son ta karanta da kanta tukuna, ta tsaya nan, ta dawo daga baya.

Kowa ya san irin yarinyar nan da ake yabo a gida saboda shirunta. Ba ta da hayaniya, ba ta kawo ƙara, ko an ɓata mata ba za a gani a fuskarta ba. Idan ana rabon abu ita ce ta ƙarshen miƙa hannu. Manya su ce ai wance akwai hankali. To Lucy Snowe, tauraruwar wannan littafi, ita ce wannan yarinyar, sai dai a nan an ba ta alƙalami an ce ta faɗi abin da ke cikinta. Abin mamakin shi ne, ko da alƙalamin a hannunta, sai da ta ɗauki tsawon babi arba'in da biyu kafin ta iya faɗa, kuma har ta gama akwai abin da ta riƙe bai fito ba.

Sunan ma da gangan aka zaɓa mata. Snowe daga kalmar ƙanƙara yake a harshensu. Marubuciyar ta taɓa canza shi zuwa Frost, wanda shi ma sanyi ne, sannan ta sake mayar da shi, ta rubuta wa kamfanin da ke buga mata littafi cewa dole yarinyar ta ɗauki suna mai sanyi, domin daga waje haka take.

Kafin a ga laifin Lucy, ya kamata a san duniyar da take ciki. Ƙidayar da aka yi a Birtaniya a 1851 ta nuna mata sun fi maza yawa da dubban ɗaruruwa, wato akwai tarin mata da aure ba zai zo musu ba ko sun so. Yarinya 'yar gidan mutunci wadda ta yi karatu amma ba dukiya, hanyoyinta ba su wuce uku ba: ta zama malamar gida mai koyar da 'ya'yan masu hali, ko mai zama da wata tsohuwa mai kuɗi, ko ta koyar a makaranta. Ita Charlotte ɗin ta yi aikin malamar gida a kan fam 20 a shekara. Matar aure kuwa, sai a 1870 doka ta yarda kuɗin da ta samu da guminta nata ne ba na mijinta ba. Tana da shekara ashirin Charlotte ta aika wa babban mawaƙin fadar Ingila na lokacin, Robert Southey, wasu waƙoƙinta, ya mayar mata da amsa a 1837 cewa rubutu ba sana'ar mace ba ce. Shi ya sa da ta tashi buga littattafanta ta ɓoye a bayan suna Currer Bell, wanda ba a gane na namiji ne ko na mace. A irin wannan wuri, yarinyar da ba ta da uba ko miji ko gado, idan ta nuna tana son abu, dariya za a yi mata. Lucy ta gane haka da wuri, sai ta koya wa kanta kada ta so komai.

Littafin ya buɗe tana 'yar shekara goma sha huɗu, tana baƙunta a gidan Misis Bretton, matar da ta tsaya mata ranar baftisma. Akwai ɗan gidan, Graham, saurayi ɗan shekara goma sha shida mai fara'a da tsokana. Sai aka kawo wata 'yar mitsitsiyar yarinya, Polly, mai shekara shida, wadda uwarta ta mutu ubanta zai yi tafiya. Polly ba ta iya ɓoye komai ba. Ta yi kewar ubanta har ta rame, da ya tafi kuma ta liƙe wa Graham. Lucy tana gefe tana kallo, tana gaya mana cewa ita ba ta da irin wannan rawar kai, ita mai nutsuwa ce. Amma mai karatu da ya lura zai ga ba abin da ya wuce idonta: yadda yarinyar ta riƙe kofin shayi, yadda ta durƙusa da dare tana addu'a, yadda ta kwanta a ƙasa da aka ce mata za ta tafi. Wanda abu bai dame shi ba ba ya ƙirga shi haka.

Daga nan ta koma gidansu, shekara takwas suka wuce, kuma a cikinsu ta rasa kowa nata. Me ya faru? Ba ta faɗa ba. Ba mu san sunan uwarta ba, ba mu san ko tana da 'yan'uwa ba, ba mu san ko ciwo ne ko talauci ko duka biyun. Abin da ta ba mu kawai shi ne misalin jirgin ruwa da guguwa ta kifar, mutanen ciki suka halaka, ita ta tsira da ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro. 'Yan layuka, ta wuce. Duk wanda ya taɓa ɗaukar bayanin majinyaci ya san wannan salon. Mace za ta yi minti goma tana kwatanta yadda ciwon kai ke tasowa daga ƙeya, sannan a ƙarshe, tana gyara mayafi za ta tashi, ta ce dama bara ne yaran biyu suka rasu. Abin da ya fi nauyi shi ake faɗa a gurguje, idan ma an faɗa.

Aikinta na farko jinya ce. Wata attajira, Mis Marchmont, wadda ciwon gaɓoɓi ya kwantar shekaru, ta ɗauke ta. Ɗaki biyu masu zafi su ne duniyarta, kuma ta ce da an bar ta da ta ƙare rayuwarta a nan ba tare da ƙorafi ba. A daren da tsohuwar za ta rasu ta ba ta labarin saurayinta Frank, wanda doki ya kayar ya mutu a hannunta shekara talatin baya, daga ranar kuma ba ta sake rayuwa ba sai jira. Ta yi alkawarin za ta bar wa Lucy wani abu a wasiyya, gari bai waye ba ta cika. Lucy ta fita da fam 15 a aljihu.

A nan ne aka fara ganin cewa ƙanƙarar daga sama take kawai. Yarinyar da ke cewa ita ba ta da buri ta hau keken doki zuwa Landan, garin da ba ta san kowa ba, ta shiga jirgin ruwa cikin dare ta ƙetare teku zuwa wata ƙasa da marubuciyar ta kira Labassecour. Beljiyam ce aka canza wa suna, Villette kuma Burasels ce. Ba ta jin Faransanci, akwatinta ya ɓace a hanya, ta ƙwanƙwasa ƙofar wata makarantar kwana ta 'yan mata da dare ta roƙi aiki. Mai makarantar, Madam Beck, ta kira ɗan'uwanta malami, Paul Emanuel, ta ce ya duba fuskar baƙuwar ya faɗi ko a ɗauke ta. Aka ɗauke ta rainon yara uku. Daren farko tana kwance ta yi kamar barci take, Madam Beck ta shigo a sulale, ta juye aljihunta, ta ƙirga kuɗinta, ta ɗauki makullanta ta danna a kaki don a yi mata irinsu. Lucy tana kallo ta ƙasan ido, ba ta ce uffan ba. Har yaba wa matar ta yi a ranta saboda tsabtar aikinta.

Madam Beck na cikin mutanen da na fi jin tsoro a littafin nan, domin ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, kullum fuskarta a sake. Da leƙen asiri take mulkin gidan. Ita ma mace ce da ta kashe abin da ke ranta don ta tsira, kuma ta yi nasara. Idan Lucy ta ci gaba a hanyar da take kai, mafi kyawun abin da za ta zama kenan.

Sau biyu aka tura ta gaba da ƙarfi, sau biyu wata Lucy daban ta fito. Na farko ranar da malamin Turanci bai zo ba, Madam Beck ta jefa ta aji mai 'yan mata wajen sittin da suka saba korar malamai. Jikinta na rawa ta shiga. Cikin 'yan mintuna ta yaga rubutun shugabar masu tsiwar a gaban kowa, ta tura wata mai taurin kai cikin ɗan ɗakin ajiya ta kulle, ta jefa makullin a aljihu. Aji ya yi tsit. Na biyu ranar bikin makaranta, wata ɗaliba ta kwanta ciwo, Malam Paul ya tilasta mata ta karɓi matsayin namiji a wasan kwaikwayo, ya kulle ta a ɗakin can saman bene mai zafi da ɓeraye don ta haddace. Ta ƙi sa wando, ta ɗora kwat ɗin maza a kan rigarta, ta hau dandali. Sai ta ji abin yana mata daɗi, ta zarce abin da aka rubuta, ta ƙara nata. Washegari fa? Ta yanke wa kanta hukunci cewa irin wannan jin daɗi bai dace da 'yar kallo irinta ba, ta kulle shi ta ce ba za ta sake buɗewa ba. Wannan wurin ya fi ba ni haushi fiye da duk wahalar da wasu suka ba ta. Ba wanda ya hana ta a ranar. Ita ta hana kanta, don ta riga kowa.

Har mu masu karatu ba ta bari ba. Akwai wani likita Bature ɗan Ingila da ke zuwa duba yaran makarantar, ana ce masa Dokta John. Babi bayan babi tana ba mu labarinsa kamar baƙo. Sai a babi na 16 take gaya mana cewa ai Graham ne, ɗan gidan da ta zauna tana yarinya, kuma ta gane shi tun tuni, ba ta dai ga dalilin faɗa masa ba, mu ma ba ta ga dalilin faɗa mana ba. Shi kuwa watanni yana shiga yana fita, bai taɓa kallonta kallon da zai sa ya gane ta ba.

Tsakiyar littafin shi ne dogon hutun makaranta, kuma saboda shi na zaɓi wannan littafi a filin da aka saba zancen lafiya. Kowa ya tafi, wasu bakin teku, wasu gidajen iyaye. Aka bar Lucy a ƙaton gini da mai aiki ɗaya da wata yarinya mai naƙasar ƙwaƙwalwa wadda matar ubanta ta ƙi karɓa. Makonni tana jinyarta ita kaɗai, ba mai magana da ita. Da aka zo aka ɗauke yarinyar, sai abin ya ƙaru. Ta riƙa yawo a gari ba inda za ta, abinci ya fita ranta, barci ya ƙaurace mata kwana da kwanaki, idan ya zo kuma da mugun mafarki, tana ganin matattunta sun juya mata baya. Fararen gadajen ɗakin kwana suka koma mata kamar gawawwaki. Mai aikin ta ce a kira likita, ta ce a'a, likita ba shi da maganin wannan. A yau da ta zo gabanmu da waɗannan alamu, rashin barci, rashin cin abinci, yanke ƙauna, jin cewa ba wanda zai damu ko ta mutu, ciwon damuwa mai tsanani za a rubuta, kuma ba za a bar ta ta koma gida ita kaɗai ba. Charlotte Brontë ta zayyana shi daki-daki a lokacin da likitoci ke kiransa da wasu sunaye, suna ɗora shi a kan raunin jijiyoyin mata.

Wata ranar da yamma ana ruwa da iska, ta tashi ta sa kaya ta fita. Ita 'yar Furotesta ce mai tsananin ƙin ɗariƙar Katolika, amma ta shiga cocin Katolika, ta bi layin masu zuwa furta zunubi, ta durƙusa a gaban wani tsohon Fada da ba ta taɓa gani ba. Ta ce masa ita ba 'yar ɗariƙarsa ba ce, kuma ba wani zunubi ta aikata ba. Nauyi ne ya yi mata yawa, tana neman kunnen ɗan Adam. Ta yi magana, ya saurara, ta ce ta ji sauƙi tun kafin ya ba ta amsa. Da ta fito ta ɓata hanya, ta yanke jiki ta faɗi a bakin wani gini. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla: marubuciyar da kanta ta yi hakan a babban cocin Burasels a watan Satumba na 1843, ta rubuta wa ƙanwarta Emily wasiƙa ta ce kada ta gaya wa babansu, wanda limamin coci ne.

Muna da karin magana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, ba kowace magana ake fesarwa ba. Amma a wurin aiki ina ganin inda cikin ke kaiwa idan ya cika. Mace ta zo da bugun zuciya, da jiri, da zafin ƙirji, da abin da take cewa yana mata yawo a jiki. A auna jini, a yi hoto, a duba fitsari, komai lafiya. A ba ta maganin ƙarin jini ta tafi, bayan sati uku ta dawo. Wani lokaci abin da ya rage a yi mata shi ne a ja kujera a tambaye ta wa take gaya wa damuwarta. Sau da yawa amsar ita ce ba kowa, kuma da alfahari take faɗa, domin tun tana ƙarama a kan haka ake yabonta.

Lucy ta farfaɗo a gidan su Graham, aka gane juna, aka yi jinyarta. Da ta gaya wa likitan halin da ta shiga, shawararsa ita ce ta riƙa sa wa ranta farin ciki ta nemi abokan hira. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da rana ba ta taɓa faɗuwa a kansu ba, ba su san yadda duhu yake ba. Ta raina shawarar a zuciyarta, a fili ta yi shiru. Da ta koma makaranta ya yi alkawarin rubuto mata wasiƙa, ya kuma cika, har guda biyar. Wasiƙun zumunci ne kawai, amma ita ta riƙe su kamar mai yunwa ya samu gurasa. Ga yadda take ba da amsa: sai ta rubuta guda biyu. Ta farko ta zuba duk abin da ke ranta, shafi bayan shafi. Sannan ta yage ta, ta rubuta ta biyu, gajeriya mai ladabi, ita za ta aika. Ina jin mata da yawa da ke karanta wannan a waya sun san saƙon da ake rubutawa a goge kafin a tura «ba komai».

Sai Polly ta dawo cikin labarin, ta girma, kyakkyawa, ubanta ya gaji sarauta da dukiya. Graham ya gan ta, wasiƙu suka tsaya. Mako bakwai Lucy ba ta ji daga kowa ba. Da ta tabbatar inda zuciyarsa ta nufa, kuma ta lura ana buɗe mata akwati ana karanta wasiƙun, sai ta naɗe su, ta sa a kwalba mai kauri, aka toshe bakin, ta je gindin wata tsohuwar bishiya a lambun makaranta da dare ta binne, ta rufe da dutse da siminti. Jana'iza ta yi wa soyayyar da ba wanda ya san da ita, har shi wanda ake so ɗin.

Masu sharhi da yawa suna karanta wannan a matsayin ƙarshen dannewa. Ni ina ganin a nan ne ta fara warkewa. Kafin wannan dare, duk abin da ta ji sai ta ce ba ta ji ba. A gindin bishiyar nan ne karo na farko da ta yarda cewa ta so, ta rasa, kuma abin ya yi ciwo har ya cancanci kabari. Haƙuri na gaskiya yana buƙatar mutum ya san abin da yake haƙuri a kansa. Wadda ta ce ba abin da ya same ta ba haƙuri take yi ba tukuna, ba ta ma fara ba.

Yanzu sai Malam Paul. Gajere ne, baƙin gashi, da tabarau da warin sigari, ya haura arba'in, ga saurin fushi kamar fetur. Kowa a littafin yana da Lucy ɗinsa: Graham na ganinta marar matsala, uban Polly na ganinta malama mai kamun kai, wata ɗaliba mai rawar kai, Ginevra, kullum tana tambayarta wai ita wace ce ne a zahiri. Malam Paul kaɗai ya dube ta ya ce wannan wuta ce aka rufe da toka, a yi hankali da ita. Ya ce rigarta ta yi ja da yawa alhali ruwan hoda ce. Ya same ta a gidan ajiye zane-zane tana kallon hoton wata mace da ba ta rufe jiki ba, ya kore ta zuwa wani lungu ya ce ga hotunan mata masu ladabi nan ta kalla. Yana buɗe mata teburi ba izini, sai dai shi littattafai yake ajiye mata a ciki. Ya koya mata lissafi, da ta fara fin yadda ya zata sai ya hau zarginta da girman kai. Ita kuma, wadda ba ta taɓa mayar wa kowa magana ba, ta tattara littattafansa ta zube masa, ta ce ya riƙe abinsa. Da shi ta koyi faɗa, da shi ta koyi dariya da kuka a gaban mutum.

A nan zan ɗan taka burki, don 'yan matan da ke bin wannan fili. Namijin da ke bincika kayanki, yana sa ido a kan wanda kika gaisa da shi, yana tsawa a kan launin rigarki, a littafi yana iya zama mai zuciyar zinariya daga ƙarshe, domin marubuciya ce ke riƙe da alƙalami. A ɗakin da nake aiki na ga inda irin wannan kishin ke ƙarewa. Abin da ya wanke Malam Paul a idona abu ɗaya ne: ya canza. Ya fara da son ya gyara ta, ya ƙare da barin ta yadda take, har addininta da ya yi ta ƙoƙarin raba ta da shi ya ce ta riƙe abinta.

Da danginsa suka ga inda aka dosa, Madam Beck da tsohon Fadan nan da wata tsohuwa mai dukiya suka haɗa kai suka tura shi tsibirin Guadeloupe, can yankin Karibiyan, ya kula musu da gonaki shekara uku. Sau biyu ya zo sallama, kuma a tsakanin biyun nan duk girman Lucy yake. A karo na farko ya shigo aji yana bi ɗaya bayan ɗaya, ya kusa isowa gare ta, sai Madam Beck ta sha gabanta ta baza riga ta tare ta. Kalma ɗaya za ta ce ya gan ta. Ta kasa. Ya fita. A daren da ya biyo baya aka ba ta maganin barci mai ƙarfi don a kwantar da ita, maganin ya yi akasin haka, ta sulale ta fita tsakar dare ta tarar da gari ana biki da fitilu, ta yi ta yawo cikin taro tana kallon duk mutanen rayuwarta ba su san tana nan ba. Da ta dawo ta tarar da fatalwar 'yar zuhudun nan da ta yi ta firgita ta tun tsakiyar littafi kwance a gadonta. Maimakon ta gudu sai ta cafke ta ta yayyaga. Ashe tsummoki ne aka naɗa wa matashin kai, kayan da saurayin Ginevra ke sawa yana shigowa makaranta a ɓoye.

A karo na biyu ya same ta ita kaɗai, Madam Beck ta sake shigowa za ta janye shi. Wannan karon Lucy ta yi ihu. A gaban matar da take tsoro, a gaban namijin da bai taɓa ce mata yana sonta ba, ta faɗi da bakinta cewa abin zai kashe ta. Ya juya ya kori Madam Beck daga ɗakin. Ya kama hannunta suka fita, ya kai ta wani ɗan gida a wata unguwa, da aji ɗaya da bencina da tukwanen furanni, ya miƙa mata takardun talla da aka buga da sunanta a matsayin shugabar makaranta. Dama ta daɗe tana tara kuɗi da wannan burin. Kayan ciki shi ya saya, haya kuma ita za ta riƙa biya da guminta. A daren ta gaya masa komai, har kishin da take jin kunyarsa, ba ta yage ko shafi ɗaya ba.

Ya tafi. Ta ce shekara ukun nan da ba ya nan su ne mafi daɗi a rayuwarta, kuma na yarda da ita. Makaranta ta bunƙasa, magajin Mis Marchmont ya aiko mata da fam 100 da lamirinsa ya hana shi ci, ta kama gidan da ke kusa ta faɗaɗa. Wasiƙu suna zuwa da kowane jirgi, wannan karon kuma amsa ɗaya take rubutawa. Sai lokacin dawowarsa ya yi, guguwa ta taso a teku kwana bakwai, jirage suka farfashe. A nan ta tsaya, ta ce masu son kyakkyawan ƙarshe su ƙaddara ya dawo. An ruwaito cewa mahaifin marubuciyar ne ya roƙe ta kada ta kashe mutumin, ita kuma ta ƙi ta raya shi, sai ta lulluɓe maganar. Amma mun san tun farkon littafi cewa tsohuwa ce mai furfura take ba mu labarin, kuma har yanzu Lucy Snowe take amsawa.

Littafin yana da aibunsa. Yadda Lucy ke magana a kan yarinyar nan mai naƙasa yana da zafi a kunnen mai jinya, ƙyama ta fi tausayi yawa a ciki. Ƙiyayyarta ga Katolika da rainin da take yi wa 'yan Beljiyam sun wuce kima. Akwai Faransanci da yawa da ba a fassara ba, don haka a nemi bugun da ke da bayani a baya. Tun fitowarsa ma ya raba kan mutane: George Eliot ta ce ya fi Jane Eyre, ita kuwa Harriet Martineau, ƙawar marubuciyar, ta rubuta cewa matan littafin ba su da tunani sai na soyayya, maganar da ta kashe ƙawancensu. A ganina Martineau ba ta yi adalci ba, domin Lucy ta yi tunanin kuɗin haya da albashi fiye da yawancin taurarin littattafan zamaninta.

Charlotte ta rubuta Villette ne a gidan da ya zama kango. Ƙanenta Branwell ya rasu a Satumba 1848, Emily a Disamba, Anne a Mayu 1849, cikin wata takwas, ta rage ita da tsohon ubanta a ƙauyen Haworth. Ta yi aure a Yuni 1854, ta rasu ranar 31 ga Maris 1855 tana da shekara 38 da ƙaramin ciki. Takardar mutuwarta tarin fuka ta ce, amma likitoci da yawa a yau, bisa bayanin aman da ta yi ta yi makonni ba ƙaƙƙautawa, suna ganin laulayi mai tsanani ne, irin wanda yanzu muke kwantar da mace mu sa mata ƙarin ruwa da maganin tsayar da amai ta tashi.

Malam Paul ma yana da asali. A 1842 Charlotte da Emily sun je karatu wata makarantar kwana a Burasels, inda mijin mai makarantar, Constantin Héger, ya koyar da su. Charlotte ta koma ita kaɗai a 1843, ta dawo gida a farkon 1844, ta riƙa rubuta masa wasiƙu da Faransanci tana roƙon ko layi ɗaya ne ya amsa. Ya daina amsawa. Huɗu daga cikin wasiƙun sun tsira. Uku ya yayyaga ya zubar, matarsa ta tsince su a kwandon shara ta haɗa, wata da zare da allura, wata da gam, ta adana. A 1913 ɗansu ya miƙa su ga gidan tarihi na Birtaniya, jaridar The Times ta buga su. A gefen ɗaya daga ciki akwai 'yan kalmomi da Héger ya rubuta da fensir: suna da adireshin wani mai gyaran takalmi.